Dukiyar da ke hannun manyan bankunan Suwizalan: ƙiba ce ko kumburi?

Wani ɗan kasuwa da muke mutunci da shi ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ji a labarai cewa dukiyar jama'a da manyan bankunan Suwizalan ke kula da ita sai ƙaruwa take yi, har an ce bankin UBS shi kaɗai yana riƙe da sama da dala tiriliyan 6. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, kwanan baya aka ce bankin Credit Suisse ya durƙushe, kuma tun kafin nan ana ta cewa asirin masu ɓoye kuɗi a ƙasar ya tonu. To ta yaya kaya ke ƙaruwa a gidan da aka ce ya yi gobara? Kuma wannan kuɗi, na bankin ne ko na wa?

Alhaji, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin in ba a warware ta ba sauran maganar ba za ta zauna ba. Kuɗin ba na bankin ba ne.

Ka san yadda fatake ke yi a da. In sun iso gari da goro ko shanu, gidan fatoma suke sauka. Shi zai ba su masauki, ya adana musu kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya musu in za a ba da bashi, sannan ya ɗauki la'adarsa. Wanda ya leƙa zauren fatoma ya ga huhun goro har rufi zai iya cewa mutumin nan ya yi arziki, alhali ko ƙwaya ɗaya ba tasa ba ce. Nasa shi ne la'ada, da kuma sunan da ya yi na riƙon amana. Ranar da fatake suka ji ƙishin-ƙishin a kansa, ayari na gaba gidan maƙwabcinsa zai sauka, waɗanda ke ciki kuma su kwashe kayansu. Wannan sana'ar ce manyan bankunan Zurik da Jeniba, biranen Suwizalan, suke yi, sai dai maimakon goro, kayan nasu hannun jari ne na kamfanoni, da takardun lamuni na gwamnatoci, da zinariya, da rabo a asusun haɗaka na saka jari.

Akwai bambanci tsakanin wannan da kuɗin da kake zubawa a asusunka na yau da kullum. Kuɗin da ka ajiye a asusu, a doka rance ka ba banki. Yana shiga littafinsa, ya ranta wa wani, in ya karye kai ma ka shiga layin masu bin bashi, sai dai abin da inshorar ajiya ta tsaya maka. A Suwizalan inshorar tana tsayawa ne a faran 100,000 (faran shi ne kuɗin ƙasar) ga kowane mai ajiya a kowane banki. Amma hannun jarin da banki ke adana maka, da sunanka yake. Ko bankin ya rushe, dokar ƙasar ta ce a ware shi daga dukiyar bankin a mayar maka. Saboda haka ne za ka ga lissafi biyu da ba su yi kama da juna ba: littafin kadarorin UBS na kansa bai kai dala tiriliyan 2 ba, amma dukiyar jama'a da yake kula da ita ta ninka haka sau uku da wani abu.

Ita kanta kulawar iri-iri ce. Wani attajiri zai ce wa banki, ga dukiyata, ku saya ku sayar yadda kuka ga dama, in dai ba ku wuce iyakar kasadar da muka yi yarjejeniya a kai ba. Wannan shi banki ya fi so, don la'adarsa ta fi tsoka. Wani kuma shawara kawai yake so, shi zai yanke hukunci. Wani ajiya ce zalla, kar a taɓa masa komai. A ce banki yana samun kwabo 70 a kan kowace naira 100 a shekara, misali kawai nake bayarwa, ka ga abin kamar ba komai ba ne. Amma ka ɗora shi a kan tiriliyoyi, kuma ka tuna cewa kowace shekara yana shigowa ba tare da bankin ya sa uwar kuɗinsa cikin haɗari ba, sai ka gane dalilin da ya sa manyan bankuna ke kokawa a kan attajirai.

Yanzu ga alƙaluman. Ƙungiyar bankunan Suwizalan tana fitar da lissafi duk shekara na dukiyar da bankunan ƙasar ke kula da ita. A ƙarshen 2021 ta kai wajen faran tiriliyan 8.8. A 2022 ta faɗo zuwa wajen 7.8. A 2023 ta farfaɗo zuwa wajen 8.4, sannan a 2024 ta haura tiriliyan 9. Ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 9, wadda duk abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara bai wuce faran biliyan 800 da wani abu ba. Wato abin da bankunanta ke riƙe wa mutane ya ninka abin da ƙasar ke samarwa fiye da sau goma, kuma kusan rabinsa na baƙi ne mazauna wasu ƙasashe.

Ka dubi jerin nan da kyau. Tiriliyan guda ya ɓace a shekara ɗaya, ya dawo cikin shekara biyu. Shin attajirai ne suka kwashe faran tiriliyan ɗaya suka fice a 2022, sannan suka yi nadama suka dawo? A'a. Yawancin dukiyar tana nan inda take, farashinta ne ya sauka ya hau. A 2022 manyan bankunan ƙasashe, wato takwarorin Babban Bankin Najeriya, na Amurka a gaba, sun ɗaga kuɗin ruwa da sauri don shawo kan tsadar kaya. Hannun jari ya faɗi, takardun lamuni ma suka faɗi tare da shi, abin da ba a saba gani ba, don galibi in ɗaya ya durƙusa ɗayan kan tallafa. Ma'aunin manyan kamfanonin Amurka 500 ya sauka da kusan kashi 19 cikin 100 a shekarar. A 2023 ya hau da kusan kashi 24, a 2024 ya ƙara hawa da kusan kashi 23. Mai buhun gero ɗari a rumbu, in farashin gero ya ninka, a baki arzikinsa ya ninka, amma in ka shiga rumbun buhu ɗari ɗin nan ne za ka ƙirga. Mafi yawan ƙaruwar da kake ji a labarai irin wannan ce. Ba na raina ta, don la'adar banki a kan darajar dukiya ake lissafa ta, saboda haka in kasuwa ta hau ribarsa ta hau da gaske. Abin da nake cewa shi ne, ba shaida ce ta ƙwarewar bankin ba, ba kuma shaida ce ta cewa mutane sun ƙara yarda da shi ba.

Sai maganar canjin kuɗi, wadda mu 'yan Najeriya ba ma buƙatar dogon bayani a kanta. Mun ga yadda bayan watan Yunin 2023, da aka saki naira, duk mai dala a asusu ya wayi gari lissafinsa na naira ya kumbura ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Haka abin yake a can, sai dai ta fuska biyu. Ƙungiyar bankuna da faran take lissafi, don haka in faran ya yi ƙarfi, dukiyar da ke cikin dala da yuro sai ta ragu a takarda. Shi kuwa UBS tun ƙarshen 2018 ya koma ba da rahotonsa da dala, don haka in dala ta yi rauni, dukiyar da ke cikin faran da yuro sai ta ƙaru a takardarsa. A shekara ɗaya, abu ɗaya, wani lissafi ya nuna hawa, wani ya nuna sauka. Wanda ya tuna ranar 15 ga Janairun 2015, lokacin da Babban Bankin Suwizalan ya janye iyakar faran 1.20 da ya gindaya a kan kowane yuro, ya san yadda cikin mintuna kaɗan darajar dukiyar baƙi ta zube a lissafin faran, alhali babu wanda ya cire komai.

Tiriliyan 6 ɗin da ka ambata kuwa yana da nasa labarin. A ƙarshen 2022 dukiyar da UBS ke kula da ita kimanin dala tiriliyan 4 ce. A ƙarshen 2023 ta zama 5.7. Babu bankin da ke tara irin wannan a shekara ɗaya ta hanyar jawo abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya faru shi ne ya haɗiye Credit Suisse da duk abin da ya rage a zaurensa. Gida biyu aka mayar ɗaya. A lissafin ƙasa gaba ɗaya wannan bai ƙara komai ba, kaya ne suka tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Kuma kada ka ɗauka duk kuɗin nan a Zurik yake kwance. UBS ya sayi kamfanin dillancin hannun jari na Amurka mai suna PaineWebber a shekarar 2000, kuma yau kusan rabin dukiyar da sashensa na kula da attajirai ke riƙewa ta nahiyar Amurka ce, yawancinta ta Amurkawa, a asusun da ke Amurka, ƙarƙashin dokar Amurka. Wani babban kaso kuma a Hong Kong da Singafo aka rubuta shi. Sunan bankin ne na Suwizalan.

To in an cire hawan kasuwa, an cire canji, an cire saye da haɗewa, me ya rage? Abin da ya rage shi ne wanda mu da muka yi aikin duba irin waɗannan rahotanni muke fara nema kafin komai: sabon kuɗi. Wato abin da abokan ciniki suka kawo a shekara, a debe abin da suka kwashe. Shi ne kaɗai ke nuna ko fatake na ƙara sauka a gidan ko suna guduwa. A 2024 sashen attajirai na UBS ya ba da rahoton sabuwar dukiya ta kusan dala biliyan 100. Kuɗi ne mai yawa, amma a kan sama da tiriliyan 4 da sashen ke riƙewa, bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Wannan ita ce ƙibar gaskiya, kuma a hankali take zuwa. Ko a nan ma sai ka buɗe ido. Banki na iya ranta wa attajiri kuɗi a kan jinginar hannun jarinsa, shi kuma ya sayi ƙarin hannun jari da rancen a bankin nan dai, sai lissafi ya nuna dukiya ta ƙaru alhali bashi ne ya ƙaru. Akwai kuma ƙirga biyu: in bankin ya sa kuɗin abokin cinikinsa a asusun haɗaka da shi bankin ke gudanarwa, kuɗin na iya fitowa sau biyu, nan a matsayin dukiyar attajiri, can a matsayin dukiyar asusu. Ƙa'idar ƙasar ta ce a bayyana wannan, kuma ana bayyanawa, amma a can ƙasan rahoto inda 'yan jarida ba su cika kaiwa ba.

Bari in tsaya a kan Credit Suisse, domin a nan ne amsar tambayarka ta gobara take, kuma labari ne da har yanzu yake taɓa ni. Banki ne da Alfred Escher ya kafa a 1856 don samar da kuɗin shimfiɗa layin dogo. Shekara 167 yana aiki. A ƙarshen 2021 yana kula da dukiyar da ta kai faran tiriliyan 1.6. Wanda ya dubi wannan adadi kaɗai zai ce babu abin da zai girgiza shi. Amma a watan Maris na wannan shekara ta 2021 abubuwa biyu sun same shi a jere. Na farko, ya dakatar da wasu asusun saka jari na kimanin dala biliyan 10 da ke da alaƙa da kamfanin Greensill, kuma kuɗin abokan cinikinsa ne, waɗanda aka nuna musu cewa wuri ne mai ƙarancin haɗari. Na biyu, ya yi asarar kimanin dala biliyan 5.5 a kan rancen da ya ba kamfanin Archegos na Amurka. Asara ta biyu ta fi yin amo a jaridu, amma a ganina ta farko ce ta fi illa, don ita ce ta taɓa amana. Asarar kuɗin fatoma matsalarsa ce, asarar goron bafatake kuwa labari ne da ke bin ayari har gida.

A watan Oktoban 2022 jita-jita ta bazu a kafofin sada zumunta cewa bankin na gab da faɗuwa. A wata ukun ƙarshe na shekarar kaɗai, abokan ciniki sun kwashe fiye da faran biliyan 110. Bankin ya rufe shekarar da asarar faran biliyan 7.3. Ya nemi sabon jari, Saudi National Bank ya shigo ya zama mai hannun jari mafi girma da kusan kashi 10 cikin 100. Ranar 15 ga Maris 2023, kwanaki kaɗan bayan bankin Silicon Valley ya rushe a Amurka, aka tambayi shugaban bankin na Saudiyya, Ammar Al Khudairy, a talabijin ko za su ƙara kuɗi, ya ce sam ba za su ƙara ba, ya kuma kawo dalilin ƙa'idojin hukuma. Kasuwa ba ta tsaya jin dalili ba. Babban Bankin Suwizalan ya buɗe wa Credit Suisse ƙofar rance har faran biliyan 50, amma ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Ranar Lahadi 19 ga Maris aka sanar cewa UBS zai saye shi a kan faran biliyan 3, da dokar gaggawa, ba tare da an nemi ƙuri'ar masu hannun jarin ko ɗaya daga cikin bankunan biyu ba. Gwamnati ta tsaya wa UBS a kan asarar da za ta iya kai faran biliyan 9, hukumar sa ido ta FINMA kuma ta shafe wasu takardun lamuni na Credit Suisse na kimanin faran biliyan 16, maganar da ta kai gaban kotu. A wata ukun farko na 2023 wasu faran biliyan 61 sun sake ficewa.

Abin lura a nan, a ma'aunin jarin da hukuma ke gindayawa, bankin bai gaza ba har kusan ranar ƙarshe. Ba rashin jari ne ya kayar da shi kai tsaye ba, ficewar mutane ce. Kuma attajiri ba kamar ƙaramin mai ajiya ba ne. Inshorar faran 100,000 ba ta rufe ko gefen kuɗin da ke asusunsa, yana da asusu a banki uku ko huɗu, yana da mai ba shi shawara da aikinsa kenan ya ji ƙanshin matsala, kuma umarni ɗaya ta waya ya isa ya motsa miliyoyi. Zanen aro ba ya rufe katara. Dukiyar da ake kula wa wani tana ƙawata rahoton banki, amma ranar tsanani ita ce ta fi saurin tafiya.

Ina kuɗin ya tafi? Nan ne amsar ɗaurewar kanka. Bai ƙone ba. Wani kaso ya tsallaka titi zuwa UBS, wani ya tafi bankunan jihohi irin su na Zurik, wani ya tafi tsofaffin gidajen kula da dukiya kamar Pictet da Lombard Odier na Jeniba, da Julius Baer, wani kuma ya bar ƙasar zuwa bankunan Amurka ko Singafo. Gida ɗaya ne ya yi gobara, unguwar tana nan, kuma an fitar da yawancin kayan kafin rufi ya rufta. Shi ya sa lissafin ƙasa ya hau a 2023, shekarar da bankinta na biyu a girma ya mutu.

Maganar asiri kuma gaskiya ce, amma rabin gaskiya. Dokar banki ta 1934 ita ce ta mayar da tona sirrin abokin ciniki laifin da ake hukuntawa, kuma shekaru da dama wannan ne babban abin tallan ƙasar. Amurka ce ta fasa ƙwan. A 2009 UBS ya biya dala miliyan 780 saboda taimaka wa Amurkawa kauce wa haraji, aka kuma amince a miƙa bayanan asusu kimanin 4,450. Wegelin, banki mafi tsufa a ƙasar, ya amsa laifi a Amurka a farkon 2013 ya rufe. Credit Suisse ya amsa laifi a 2014 ya biya kimanin dala biliyan 2.6. Daga 2017 Suwizalan ta fara tattara bayanan asusun baƙi, daga 2018 ta fara musayarsu kai tsaye da hukumomin harajin wasu ƙasashe. Mutane da yawa a lokacin sun ce sana'ar ta zo ƙarshe. Ba ta zo ba, abokan ciniki ne suka canja. Likitan Jamus ko ɗan kasuwar Italiya da ke tsallako iyaka da jakar kuɗi don gudun haraji ya ragu ƙwarai. Wanda ya maye gurbinsa shi ne mai masana'anta daga Asiya, da iyalan attajiran Gabas ta Tsakiya, da na Latin Amurka, waɗanda abin da suke nema shi ne ƙasar da kotunta ke aiki, kuɗinta ba ya narkewa, gwamnatinta ba ta wayar gari ta ƙwace kayan mutum. Sun zauna ko a shekarun 2015 zuwa 2022 da babban bankin ƙasar ya sa kuɗin ruwa ƙasa da sifili, wato lokacin da babban mai ajiya ke biyan kuɗi don a riƙe masa faran. Wanda ya yarda ya biya don a ajiye masa, ba riba ya zo nema ba, kwanciyar hankali ya zo saye.

Ba zan wuce wannan gaɓa ba sai na faɗi abin da ya shafe mu. Ba duk dukiyar da ta taɓa kumbura waɗannan alƙaluma ce ta halal ba, kuma mu shaida ne. Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a 1998, hukumomin Suwizalan sun daskarar da ɗaruruwan miliyoyin daloli masu alaƙa da shi da makusantansa. A shekarar 2000 hukumar da ke sa ido a kan bankunan ƙasar a wancan lokaci ta fitar da rahoto tana zargin wasu bankuna, har da Credit Suisse, da sakaci wajen binciken inda kuɗin ya fito. An dawo wa Najeriya da kimanin dala miliyan 500 a tsakiyar shekarun 2000, sannan a Disambar 2017 aka sa hannu a kan dawo da wasu dala miliyan 321, bisa sharaɗin Bankin Duniya ya sa ido, aka zuba su a shirin tallafin kuɗi ga gidajen talakawa. Duk shekarun da kuɗin nan ya yi a can, a rahoton bankunan sunansa dukiyar abokan ciniki, ana ɗaukar la'ada a kansa kamar kowane kuɗi. Duk lokacin da na ga an yi murnar adadi ya hau, wannan kan faɗo mini a rai, don adadi ba ya faɗa maka asibitin da ba a gina ba a inda kuɗin ya fito. An tsaurara dokokin bincike tun daga nan, wannan gaskiya ne, kuma buɗe asusu a can yau sai ka amsa tambayoyin da za su gajiyar da kai. Amma ina ganin wajibi ne mai karanta irin wannan labari ya riƙa tambayar daga ina sabon kuɗin ke fitowa, ba nawa ne kawai ba.

Sannan ba su kaɗai ba ne a fagen yanzu. A kula da dukiyar da ta tsallaka iyaka, Suwizalan ta daɗe tana kan gaba da sama da dala tiriliyan 2, amma Hong Kong da Singafo sun fi ta saurin girma, don a kusa da su ake ƙirƙirar sabon arziki. Dubai ma ta shigo da ƙarfi. Matakin da Suwizalan ta ɗauka a 2022 na bin takunkumin Tarayyar Turai a kan Rasha, har da daskarar da dukiyar wasu Rashawa, ya sa wasu attajiran da ba Turawa ba suka fara raba ƙafa.

Abin da ya fi damuna a duk lamarin shi ne tattaruwar. Shekara talatin da suka wuce ƙasar tana da manyan bankuna uku. A 1998 biyu suka haɗe, Union Bank of Switzerland da Swiss Bank Corporation, suka zama UBS. A 2023 na ukun ya shige cikinsa. Yanzu saura ɗaya, kuma littafin kadarorinsa ya kusa ninka tattalin arzikin ƙasar sau biyu. Kada a manta shi kansa UBS sai da aka ceto shi a Oktoban 2008, gwamnati ta zuba masa faran biliyan 6, babban banki kuma ya kwashe masa rubabbun kadarori na biliyoyin daloli. Da Credit Suisse ya faɗi, akwai babban wa a gida da ya ɗauke shi. In wannan ya yi tuntuɓe, babu wani a cikin ƙasar da ke da ƙarfin tallabarsa. A yi wa UBS adalci, ya dawo da tsohon shugabansa Sergio Ermotti ya ja ragamar haɗewar, kuma tun watan Agustan 2023 ya ajiye lamunin faran biliyan 9 na gwamnati ba tare da ya taɓa shi ba. Amma gwamnati ba ta saki jiki ba. A watan Yunin 2025 ta gabatar da shawarar ƙa'idojin da za su iya tilasta masa ƙara jarin da ya kai dala biliyan 26, musamman don rufe rassansa na ƙasashen waje, shi kuma bankin yana cewa hakan zai daƙile shi a gaban takwarorinsa na Amurka. Ni a wannan gardama ina bayan gwamnati, ko da hakan zai rage wa masu hannun jari riba, domin mutum miliyan 9 ne za su ɗauki kayan in ya zube, kuma yawancinsu ba su da ko faran ɗaya a cikin tiriliyoyin nan.

Saboda haka, Alhaji, in rahoto na gaba ya fito aka ce dukiyar ta sake kafa tarihi, ka nemi layin sabon kuɗi ka raba shi da jimillar farkon shekara, ka ga kashi nawa ne. Ka duba da wane kuɗi aka yi lissafin, faran ko dala, da yadda canji ya motsa a shekarar. Ka duba ko bankin ya sayi wani. In rahoton ya raba yanki-yanki, ka ga ko Asiya ce ke kawowa alhali Amurka na fitarwa, don jimilla kan ɓoye irin wannan. Kuma tun da na san kana da hannun jari a nan gida ta hannun dillali, ka tambaye shi wannan makon ko da sunanka aka rubuta su a ma'ajiyar hannun jari ta kasuwa ko da sunan kamfaninsa, ka ce ya ba ka takardar shaida.